Mijinyawa Mai Wankin Gawayi

Mijinyawa ya dawo Karaye daga kudu a shekarar da man fetur ya yi wuya, zamanin mulkin soja. Ya zo da akwatin ƙarfe, da tabarau mai kwalba a ido ɗaya, da wani shiri da ya ce zai raba duniya da toka har abada.

Gidansa yana jikin nawa a unguwar Daura, zana ce kawai tsakaninmu, don haka yawancin abin da zan faɗa da idona na gani. Ya daɗe a ƙasar da ake haƙar kwal, baƙin dutsen nan da jirgin ƙasa yake ci a da. Waɗanda suka san shi a can sun ce shara yake yi a wani ɗakin gwaje-gwaje. Shi kuwa ya ce shi ne na hannun daman babban injiniya, kuma ranar da zai taho injiniyan har hawaye ya yi.

Asalin shirin Lami ce. Lami bazawara ce, mijinta ya rasu, tana zaune a gidan baffanta Gwadabe mai wanki da guga, tana sana'ar daddawa da sabulun salo. Mijinyawa ya gani ya ce yana so. Da ya aika, Gwadabe ya ba da amsa a taƙaice: ba ya ba da 'yar ɗan'uwansa ga wanda ba shi da sana'a. "Ya nuna mini abin da hannunsa yake yi kafin a gama shigar da dawa. In ba haka ba, akwai wani mai awo a Falgore da yake ta aike."

Washegari Mijinyawa ya zauna a bencin Sulle mai shayi, ya gyara tabarau, ya nuna murhu da baki.

"Sulle, mene ne wancan a ƙarƙashin butarka?"

"Toka."

"Ka saye ta?"

"Gawayi na saya."

"To an cuce ka. Kai da kakanka duk an cuce ku. A inda muka yi aiki ba a ƙona kwal sai an wanke shi. A niƙa, a zuba a wani ruwa na musamman, a juya, a tace. Toka ta koma gefe tana jin kunya, kwal ya fito tas. Ka ƙona shi wuni guda, ka share murhun da farar hula, ka mayar da ita kanka."

"Mu ai ba mu da kwal," in ji Sulle.

"Gawayi ƙanin kwal ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ku faɗa mini, wa toka ta fi wahalarwa a garin nan in ba Baba Gwadabe ba? Yana cikin guga, dutsen ya yi tari, toka ta zubo a kan farar riga, a koma wanki. Ranar da na miƙa masa gawayi marar toka, da kansa zai rako Lami har ƙofata."

Ina gefe da kofina. Mu da muka yi makarantar Mishan an koya mana kada mu bar kuskure ya wuce ta gabanmu, ko da ba namu ba ne. Wannan hali bai taɓa jawo mini aboki ba. Na ce, "Mijinyawa, toka ba a jikin gawayi take kamar datti a riga ba. A cikinsa take, sai wuta ta cinye saura sannan ta bayyana."

"Malam Sanusi, da girmanka. Naka ilmin na allo da alli ne. Mu da ido muka gani."

"Wane ruwa ne suke zubawa?"

"Sirrin kamfani ne."

"Ka san sunansa?"

"Na san warinsa."

Ya fara da ruwan rijiya da garin sabulu, wai don ana fara magani da mai sauƙi. Ya ari babban daro wajen Hajo, tsohuwar da ke kiwon agwagi a lungunmu, ya juye buhun gawayi a ciki, ya naɗe wando ya shiga yana tattakawa kamar mai kwaɓin ƙasar gini. Baƙin ruwa ya bi kwata ya fita waje, ya yi tafki a ƙofar Hajo ɗin. Agwaginta farare ne duka, kuma ba ta da zance sai nasu. Kafin azahar suka shigo gida a jere baƙaƙe ƙirin. Ta ɗauki muciya ta fatattake su, tana tambaya agwagin wane ne waɗannan marasa tarbiyya. Sai da ta zagaye unguwa tana cigiyar nata, sannan aka nuna mata su a ƙofarta, suna jiran a yi musu izini.

"Mijinyawa! Fito nan, ɗan neman magana!"

Ya leƙo da kumfa har gwiwa. "Iya, godiya za ki yi. Abin da kika gani a jikinsu tokar ce ta fita."

"Toka baƙa ce a garinku?"

"Ɗanya ce, Iya, ba ta nuna ba."

Gawayin kuwa ya kai wa Sulle kyauta. Da safe Sulle ya yi ta fifita har kafaɗarsa ta riƙe. Gawayi sai tsuwwa yake yana fitar da kumfa, hayaƙin yana warin ranar wanki. Manoma suka gaji da jira suka tafi gona da burodi a hannu ba shayi. Da ya bushe daga baya ya kama, tokar da ya bari ba ta ragu da ko cokali ba. Sulle ya ƙunsa ta a ganye ya kai masa har gida, ya ce ga saƙo daga ƙanin kwal. Mijinyawa ya shinshina ya ce wannan ta tsohon murhu ce, ya san tasa in ya gan ta.

A tsakanin nan ne ya zo aron rigata. Farar shadda ce, na ɗinka ta lokacin da na ajiye aikin koyarwa, kuma marigayiya matata ce ta zaɓi yadin. A ƙasan akwati nake ajiye ta da ƙwayar kafur. Ya ce zance ɗaya zai je da ita ya dawo. Na ba shi, na nuna masa yadda ake ninke ta, hannu a ciki, wuya a sama. Bai duba ba.

Abin da aka yi a zauren Gwadabe, Lami ce ta ba Hajo labari, Hajo ta ba unguwa.

"Na ji an ce za ka kashe toka," in ji Lami.

"Har lahira, ranki ya daɗe."

"To ni da me zan wanke kalwa? Da me zan tsiyayi ruwan sabulu? Kai ka zo neman aure ne ko ka zo rufe mini sana'a?"

"In kika shigo gidana kin bar wahala. Sabulun kanti, mai takarda, shi za ki riƙa amfani da shi."

"Gidan da agwagi ma ba su tsira ba?"

Ta faɗa tana rufe baki da mayafi. Hajo ta ce Lami ba ƙin sa take ba. Ta ce mutumin yana ba ta dariya, shi kuwa mai awon Falgore ko murmushi zai yi sai ya auna.

Rigar ba ta dawo ba. Da na tuna masa, ya ce akwai sauran zance.

Sai ya ce ya tuna warin ruwan nan sosai, wari ne mai hawa kai. Ya hau keke ya tafi Rogo wajen wani bakanike, ya samo ruwan batir a galan, ya ɗaure a bayan sirdi. Murfin bai rufu da kyau ba. Duk ramin da keken ya faɗa, galan ya tofa masa kaɗan a bayan wando. Allah Ya taimake ni, ranar ba rigata ya sa ba, 'yar shara ce iya ƙugu.

Da ya shigo gari ya hango Gwadabe a gindin darbejiya inda yake guga, masu karɓar kaya sun kewaye shi. Ba ya yiwuwa ya wuce suruki a kan keke. Ya sauka, ya cire takalmi, ya tsuguna. Ba a ji ƙara ba. Wandon ne kawai ya rabu da kansa, gaba ya tsaya a jikinsa, baya ya kwanta a ƙasa.

Gwadabe ya gani. Bai ɗaga kai daga guga ba.

"Barka da aiki, Baba."

"Barka kadai, ɗana. Ya hanya?"

"Lafiya lau."

"Ya gajiya?"

"Ba gajiya."

"Ya mutanen Rogo?"

"Suna gaishe ka."

"Madalla. Ya kasuwarsu? Ya Sarkin Pawa? Ya ƙafar tasa? An yanke dawa a can kuwa?"

Gwadabe mutum ne da gaisuwarsa ba ta wuce kalma biyu. Ranar sai da ya tambayi lafiyar kowa a Rogo, har da waɗanda suka rasu, ya yi musu addu'a, Mijinyawa yana amsawa da amin yana jan 'yar shara ƙasa, ita kuma tana komawa sama. Mutane suka yi ta ƙaruwa ta baya.

"To tashi mana, ɗana, rana tana dukan ka."

"A'a, Baba, ban isa in tsaya a gabanka ba."

"Kai, ban san kana da ladabi haka ba."

Da Gwadabe ya ga ya ishe shi, ya jefa masa wani zanen gado da bai gama bushewa ba. Haka Mijinyawa ya ratsa kasuwa yana tura keke, ɗaure da zane mai furanni, yana gaya wa duk wanda ya kalle shi cewa haka injiniyoyi suke shiga a kudu in za su taɓa abu mai ƙarfi. Sauran ruwan batir ɗin ya zuba a daron Hajo. Gawayi bai ce komai ba, daron ne ya huhhuje. Ya mayar mata ya ce ta yi murna, ta ba da daro an dawo mata da rariya.

Aka gama yankan dawa, aka tara kara. Gwadabe ya aiko cewa mutanen Falgore za su zo bayan Juma'a. Ranar Mijinyawa bai je bencin shayi ba. Na jiyo shi ta zana yana kai da komo yana magana shi kaɗai, har na ji tausayinsa. Can sai ya buga cinya ya ce, "Mai! Warin mai ne!"

Ya kai kekensa wajen 'yan bumburutu ya bar musu, ya dawo a ƙasa da jarkar fetur a ka, galan ɗin kananzir a hannu. Ya haɗa su a rabin duro, ya jiƙa gawayi ya kwana, ya tace da tsohon buhu. A gindin duron wani baƙin laka ya kwanta. Ya kwashe shi a gwangwani ya shiga gari yana nuna wa mutane.

"Ga ta nan! Ga muguwar! Na kama ta!"

Na duba da kyau, na murza a yatsa. Na ce, "Wannan garin gawayi ne da yashi."

"Haba Malam, da furfurarka kake hassada?"

Gawayin ya tara shi a gindin tarin karansa, a filin bayan gida, ya lulluɓe da buhu wai kada ƙarfinsa ya fita. Awakin unguwa suka daina bi ta wajen.

Ya sa aka yi shela ranar Alhamis bayan la'asar. Filin ya cika. Aka kawo wa Mai unguwa kujera, mata suka jeru a bayan zana suna leƙe. Gwadabe ya zo da teburinsa da dutsen gugarsa, irin mai ɗan zakara a kan murfi. Mijinyawa ya fito cikin rigata, wuyan ya karkace, yana ɗaga wa jama'a hannu.

"Wace riga za a goge?" in ji Gwadabe.

"A kawo ta Mai unguwa."

Mai unguwa ya tattare rigarsa ya cusa tsakanin cinyoyi.

"Kayan mutane amana ne," in ji Gwadabe. "Cire ta jikinka."

Na miƙe. Na ce, "Jama'a, wannan rigar..."

"Zauna, Malam," in ji Mijinyawa, yana fitar da kai ta wuya. "Rigarka za ta shiga tarihi."

Ya shimfiɗa ta a tebur. Ya ɗebo gawayi ya cika dutsen. Gwadabe ya ja hanci ya ce, "Wannan gawayin warin tasha yake."

"Warin ilmi ne, Baba."

Gwadabe ya ja da baya. Ya duba, ya ƙara ja, har sai da gindin ɗorawa ya shiga tsakaninsa da ilmi. Mijinyawa ya yi jawabi. Ya ce daga yau tsintsiya ta huta, ya ce za a zo daga Kano a roƙe shi, ya ce ba zai manta da talakawan unguwa ba. Sannan ya karɓi garwashi daga hannun Sulle, ya jefa, ya rufe murfi. Shiru. Ya juyo ya yi wa matan bayan zana murmushi. Sai ya ɗaga dutsen ya yi lilo da shi sama da ƙasa, yadda masu guga suke yi don iska ta shiga.

Iska ta shiga.

Ƙarar da aka ji, mutanen Kwanyawa sun ce su ma sun ji, amma ban yarda da wannan ba. Murfin ya yi sama, ɗan zakaran ya tashi a karon farko a rayuwarsa, ya sauka a tsakar gidan Hajo cikin agwagi. Wuta ta fito ta kowace ƙofa ta dutsen. Mijinyawa ya dangwara shi a kan rigata. Da ya ga rigar ta kama, ya sake ɗauka, ya juya dama ya ga Mai unguwa, ya juya hagu ya ga suruki, sai ya wurga shi baya. Bayan kuwa nan ne gindin kara, inda sauran gawayin yake lulluɓe da ƙarfinsa.

Mai unguwa ya gudu da kujerar a hannu. Aka yi ta salati ana kiran a kawo ruwa. Sulle ya hango rabin duro a gefe da abu yana ƙyalli a ciki, ya ɗebo cikin bokiti ya nufi wutar. Kalma ɗaya ta ishi Mijinyawa ya tsayar da shi, ya ce fetur ne. Amma abin da ya fito daga bakinsa shi ne, "Kada ka taɓa! Sirrin kamfani ne!"

Sulle ya watsa daga nesa. Wutar ta miƙe ta wuce ɗorawa, Sulle ya zauna daɓas, rabin gemunsa ya tafi.

Allah Ya kiyaye, iska ta kaɗa ta wajen gona, ba ɗaki ko ɗaya da ya kama. Amma wutar ta cinye tarin karan duka, da teburin Gwadabe, da zanar da ta raba gidana da na Mijinyawa. Kafin magariba ba abin da ya rage a filin sai tudun toka, fara sol, mai laushi, ban taɓa ganin mai yawanta ba.

Mijinyawa yana tsaye da singileti, ba gira, kwalbar tabarau ɗayar ma ta faɗi. Gwadabe ya fito daga bayan ɗorawa, ya zagaya tudun a hankali, ya tono dutsen gugarsa da sanda.

"To, ɗana. Wannan shi ne gawayi marar toka?"

Na ɗauka zai sunkuyar da kai. Sai ya hau kan wani turmi, ya gyara tabarau marar kwalba.

"Jama'a, me na ce zan yi? Na ce zan raba toka da gawayi. Ga toka nan. Wanda ya ga gawayi ko ƙwaya ɗaya a ciki ya ɗaga hannu."

Ba wanda ya ɗaga, don duk hannaye suna riƙe da ciki. Mai unguwa ya ajiye kujerar ya zauna don ya ji daɗin dariya. Gwadabe kaɗai bai yi ba. Ya ce, "Gobe zan aika Falgore."

Ana haka mata suka fara fitowa da ƙore. Tokar kara ita ce ta sabulu da miya, kuma ba ta samuwa da yawa, don ba mai ƙona karansa yana da shinge da dabbobi. Hajo ce a gaba, har da daronta mai huji. Lami ta zo a ƙarshe, ta ja mayafi, ta tsuguna ta wajen da karan ya fi yawa. Ta ɗebi kaɗan, ta murza, ta ɗora a harshe.

"Iya Hajo," ta ce, ba da ƙarfi ba amma kowa ya ji, "ku ɗebi ta gefe. Ta tsakiyar nan ta gidan mijina ce."

"Ke Lami!" in ji Gwadabe. "Mutumin da ba shi da sana'a?"

Ta sunkuyar da kai. "Baffa, ka yi haƙuri. Shekara nake ina bin gidaje ina roƙon toka. Wa ka taɓa gani ya yi mai yawan wannan tsakanin la'asar da magariba?"

Gwadabe ya dubi tudun, ya dubi dutsen gugarsa marar murfi, ya dubi mutumin da ke kan turmi. Sannan ya ce ya ji, amma da sharaɗi: Mijinyawa ba shi ba mai, ba shi ba batir, kuma ashana a hannun Lami za ta zauna.

"Dama haka na tsara," in ji Mijinyawa daga kan turmi.

Aka ɗaura aure kafin azumi. Daga nan har ƙarfinsa ya ƙare, Mijinyawa yana bin gonaki da jaki daga Kwanyawa har Falgore, yana tattara kara da kututture yana kawowa, Lami ta ƙyasta ashana, shi ya tsaya da sanda yana juyawa. Gari ya sa masa Sarkin Toka. Ya karɓi sunan hannu biyu, yana gaya wa baƙi cewa shi ne injiniyan kamfanin matarsa.

Bayan biki Lami ta shigo gaishe ni, ta inda zana take a da. Ta ajiye mini dunƙulen sabulun salo a ganye, na farko da ta dafa da tokar ranar nan.

"Malam," ta ce, "ka yi haƙuri. Rigarka tana ciki."

Ban taɓa wanka da shi ba. Yana ƙasan akwati, da ƙwayar kafur.